Tulunan Malam Rufus Kumai

Duk wanda ya taɓa yin sujada a cocin nan da ke bayan layin dogo a Kafanchan ya san Malam Rufus Kumai, in bai riƙe fuskarsa ba, zai riƙe sandarsa. 'Yar siririyar sanda ce ta icen gwaiba, ta sha man gyaɗa har tana ƙyalli, da ita yake juya ƙungiyar mawaƙa tun kansa bai san furfura ba. Tsohon malamin firamare ne, mutumin kirki, ba ya riƙe kowa a zuciya. Aibinsa guda ne, bakinsa yana riga ƙafarsa isa ko'ina. In ya ce zai yi abu, to a wurinsa an riga an gama, tafi kawai ya rage. Mu ma mutanen unguwa ba mu taimake shi ba, don mun iya zuga mutum a gabansa mu koma gida mu yi masa dariya.

Matsalar ita ce mawaƙan sun tsufa tare da shi. A gasar waƙa ta taron gunduma na bara su suka riƙe wutsiya. Da taron bana ya matso, Fasto Abednego ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya tambayi gida, ya tambayi gonar citta, sannan ya sauke kayan da ya ɗauko.

"Baban Ƙauna, kwamiti ya zauna. Taron bana a Samaru Kataf ne. In kwaya ɗin, ƙungiyar mawaƙan nan taka, ya sake ba mu kunya, za ka miƙa sanda wa Jacinta."

"Wace Jacinta? Wadda na koya wa riƙe fensir?"

"Ita fa. Yanzu kibod ɗin kiɗa na coci take riƙewa."

Maganar ta soke shi, don tun da ya ajiye alli sandar nan ce kaɗai ta rage masa da mutane za su dube shi su yi shiru. Amma sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Baba Fasto, ka gaya wa kwamiti su fara neman inda za a ajiye kofin gasa."

Ana cikin haka aka yi jana'izar wani dattijo a Kagoro, Malam Rufus ya je. Tsofaffi masu busa ƙaho suka fito, kowa da ƙahonsa, kowane ƙaho murya ɗaya tak, wannan ya busa ya bar wa wancan, waƙa tana zagaya su. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya dawo da waƙar a bakinsa, ya zarce coci, ya zauna gaban kibod yana lalube. Ya danna nan, muryar ta yi ƙasa da wadda yake nema. Ya danna na kusa da shi, ta yi sama. Abin da yake nema yana tsakiya, inda babu komai sai tsaga. Da wani ne sai ya ce ikon Allah, ya tafi gida ya ci tuwo. Malam Rufus cewa ya yi an cuce mu.

Ranar gwajin waƙa ya buga sanda a kan benci.

"Ku saurara da kyau. Bature ya kawo mana tsanin waƙa mai mataki goma sha biyu daga do zuwa do, farare bakwai, baƙaƙe biyar. Muka karɓa muka ce mun gode. Ashe rabi ya ba mu. Tsakanin kowane mataki da ɗan'uwansa akwai wata murya a ɓoye, kakanninmu sun san ta. Ni zan fito da su duka. Mataki ashirin da huɗu. Sunansa Tsanin Kumai, kuma da raina sai an koyar da shi a jami'a."

Jacinta ta ɗaga hannu cikin ladabi. "Sa, goma sha biyun ma har yanzu alto, masu muryar ƙasa-ƙasa, ba su gama hawa ba."

"Don matakan sun yi wa juna nisa ne. In na cike tsakani, ko tsohuwa ta hau."

Samson mai ganga, wanda kuma shi ne direban a-kori-kurar da ke kai su taro, ya ce, "Sa, sababbin ɗin, mene ne sunansu?"

"Ru, Fu, Ku, Mai."

"Sauran fa?"

"In sun fito za a raɗa musu. Ba a yin suna kafin haihuwa."

Da kibod ɗin coci ya fara. A lissafinsa, tun da muryoyin suna tsakanin maɓallai, to suna nan ciki a kwance, buɗe musu kawai za a yi. Ya zo da sukudireba ya kwance bayansa, ya sassauta wasu wayoyi, ya cuccusa guntun kwali inda ya ga ya dace, ya mayar. Ƙusoshi suka yi saura a hannunsa, ya ce Bature dai da almubazzaranci. Ran Lahadi Jacinta ta ɗora yatsu don waƙar buɗe sujada. Kibod ya yi wani kuka irin na akuya mai naƙuda, ya saki ɗan hayaƙi, bai ƙara magana ba har yau. Fasto Abednego ya dubi Malam Rufus ta saman tabarau. Shi kuwa ya sunkuya wajen kunnen Samson ya ce, "Ka ji ta? Wannan ita ce Ku."

Da kibod ya mutu sai ya koma kan maƙogwaron mutane. Ya rera mi, ya rera fa, ya ce kowa ya tsaya a tsakiya. Mawaƙa suka yi ta zamewa, wasu sama wasu ƙasa.

"Sa, babu wurin tsayawa a wurin," in ji wata soprano, cikin masu siririyar murya.

"Akwai. Imaninki ne kaɗan."

Mutum ɗaya ce ta samu, Mama Tamar, tsohuwar da tun tana budurwa take waƙa a gefen murya, kowane shugaba ya zo sai ya ɓoye ta a layin baya kusa da taga. Ta buɗe baki yadda ta saba, ta sauka daidai tsakanin mi da fa. Malam Rufus ya kusa hawaye. Ya kamo hannunta har layin gaba.

"Mama, shekara da shekaru ana cewa ba ki iya ba, ashe gaba kika yi kika bar mu."

"Ni dama na sani," in ji ta, ta gyara zani.

Daga ranar soprano biyu suka ce gona ta riƙe su. Karen mai gadi kuwa ya shiga kwaya ba da gayyata ba, duk sanda Mama Tamar ta ɗaga murya sai ya amsa daga waje.

Mafita ta zo masa daga cikin gidansa. Matarsa Irene ita ce uwar ƙungiyar zumuntar matan coci, kuma matan zumunta da tulu suke kiɗa: a bugi bakinsa da faffaɗan soso, ya ba da murya mai kauri. Wata safiya ta wanke tulun kiɗa ta bar sauran ruwa a ciki, ta buga don gwaji, muryar ta fito sama kaɗan da yadda aka saba. Malam Rufus ya ajiye kwanon kunu. Ya ƙara moɗa guda ya buga, muryar ta hau. Ya rage, ta sauko. Ya ƙara rabin moɗa, sai ga ta nan a tsakiya, ita ce dai wadda ya jiwo a Kagoro.

"Maman Ƙauna, an buɗe mini."

"Allah ya sa ba irin buɗewar kibod ba ne."

Ya bi unguwa gida-gida yana aron tulu, yana gaya wa mata sunansu zai shiga tarihi. Wasu suka ba shi don kunya, wasu don su ga ƙarshen abin. Ya jera ashirin da huɗu a tsakar gida, kowanne da ma'aunin ruwansa, daga wanda babu komai zuwa wanda ya haura rabi. Mace ɗaya tulu ɗaya, tulu ɗaya murya ɗaya, kamar masu ƙaho. Irene ce ta lallaso masa matan zumunta, ba don ta yarda da tsanin ba, sai don ba ta son ta ga mijinta hannu wofi ran Lahadi.

Sai dai tulu ba ya zama inda ka bar shi. Sabon tulu yoyo yake yi, abin da ya auna da safe kafin yamma ya sauka. Kaji suka gano mashaya. Sauro suka tare, suka yi aure, suka hayayyafa, har maƙwabta suka fara tambaya ko Tsanin Kumai yana zuwa da gidan sauro. Ana wata ga wata, aladen maƙwabcinsa Dickson ya ɓalle ya shigo a guje ya fasa biyu. Da matan suka taru Malam Rufus ya yi gyaran murya.

"Na sake zurfafa bincike. Mataki ashirin da biyu ne daidai. Biyun can dama ƙari ne."

"Sa, kai ka yi binciken ko alade?" in ji Samson.

"Allah ya taɓa magana ta bakin jaki, Samson. Kada ka raina alade."

Ya kafa musu doka mai tsanani. Ido a kan sanda, ba a kan tulu ba. Wadda ta dubi ƙasa ta raina shi. Kuma ko sama za ta faɗo, ba a tsayawa sai sanda ta sauka. Ya yi ta maimaita musu har mata suka koma suna bugu kamar sojoji.

Abin da zai ba ka mamaki, wata yamma abin ya yi. Ruwa ya zauna daidai, hannuwa suka haɗu, waƙar ƙahon Kagoro ta tashi daga tulunan nan a hankali, mawaƙa suka bi ta ba su san sun bi ba. Masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa. Irene ta ji kamar kakarta ce ke waƙa a bayan ɗaki. Jacinta da kanta ta ce, "Sa, gaskiya wannan ya yi daɗi." Malam Rufus ya yi farin cikin da bai taɓa yi ba tun ranar aurensa, kuma nan take kansa ya kumbura. Ya sa aka rufe ƙofa. Ya ce daga yau wanda ya faɗa wa wani sirrin ruwa ya ci amanar Kafanchan, don ya tabbata sauran coci-coci sun baza kunne.

Ranar taro suka zubar da ruwa, suka loda tuluna cikin ciyawa a motar Samson, suka kama hanyar Samaru Kataf. Mota ta faɗa rami ta fito, aka ji ƙwas daga baya. Da aka sauke, uku sun zama kasko.

Kafin Samson ya buɗe baki Malam Rufus ya ce, "Goma sha tara. Dama can shi nake nufi."

A filin coci za a yi gasar, bayan sujadar buɗewa. An kafa rumfar alƙalai da manyan baƙi a gindin mangwaro. Malam Rufus ya jera tulunansa dab da gaban rumfar, ya ɗebo ruwa daga rijiya, ya yi ta aunawa yana bugawa yana kasa kunne, gumi yana bin bayansa, har kowanne ya zauna a matakinsa. Sannan ya rufe bakin kowane tulu da faifai, don kada ɗan leƙen asiri ya ga iyakar ruwan. Irene ta tsaya tana kallon jerin.

"Baban Ƙauna, ka je ka gaya wa matan masauki kada su taɓa tulu ɗin nan. Ko ka bar mutum ɗaya a nan."

"In gaya musu su gaya wa kwayarsu? Kowa ya shiga coci. Mai tsaro ma jawo ido yake yi."

"Ka jera tulu, ka rufe da faifai, a garin mutane, rana yana duka haka. Ni mace ne, na san abin da zan yi in na gani."

"Shi ya sa ba ke kika ƙirƙiro Tsanin Kumai ba."

Irene ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To."

A cikin coci bai ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Ya samu wuri kusa da wasu fastoci baƙi yana yi musu raɗa cewa yau za su ji abin da kunnen Bature bai taɓa ji ba, su riƙe ranar don jikokinsu. Sujada ta yi tsawo, kamar yadda tamu ta saba in an ga baƙi. Da aka fito aka fara gasa, ƙungiyoyi suka yi ta shiga suna fita, shi yana girgiza kai cikin tausayi.

Aka kira Kafanchan. Mata goma sha tara suka durƙusa a bayan tulunansu, mawaƙa a bayansu, Mama Tamar a gaba. Malam Rufus ya tsaya tsakaninsu da rumfa, ya juya ya yi wa jama'a jawabi a kan rowar Bature da hikimar kakanni, har ya nemi alƙalai su matso da teburinsu don kada siraran muryoyin su ɓace musu a iska. Suka matso. Irene ta dafa wuyan tulunta ta ji shi da sanyi har sama.

"Baban Ƙauna..."

"Bayan waƙa, Maman Ƙauna."

Ya ɗaga sanda, faifai goma sha tara suka tashi lokaci guda, idanu duk a kansa. Ya sauke ta da ƙarfinsa.

Ba a ji Ru ba, ba a ji Ku ba. Abin da aka ji shi ne facal. Ruwa ya yi tsalle daga bakin kowane tulu ya wanke masa gaban riga. Soso ya sha ya ƙoshi, da mata suka ɗaga hannu don bugu na biyu sai ya yi feshi ya tsallake kansa ya sauka a rumfa. Malam Rufus ya ɗauka ruwan sama ne, ya ce a ransa Shaiɗan ya makara, ya ƙara wa sanda sauri. Matan kuwa an hore su, ko sama za ta faɗo ba a tsayawa. Suka yi ta bugu, facal, facal, ruwa yana tashi. Takardun alƙalai suka jiƙe. Babban Rabaran na gunduma ya kare fuska da hularsa. Matarsa ta tattare leshi ta yi bayan mangwaro. Mawaƙa suna jiran muryar da za su kama ba ta zo ba, sai suka kama dariya. Mama Tamar ce kaɗai ta rufe ido ta shiga waƙa, daidai tsakanin mi da fa, ita da wani kare daga can bayan katanga.

Sai da soso ya kuɓuce daga hannun wata ya mare shi a kunci sannan sanda ta sauka. Ya leƙa tulun farko, cike. Na biyu, cike. Duk goma sha taran ruwa har baki.

"Wa ya taɓa mini tuluna?"

Wata dattijuwa mai jiki ta fito daga wajen girki, hannunta da ludayi, fuskarta cike da fara'a. Mama Bernice ce, uwar zumuntar masu masauki.

"Mu ne, Malam. Kada ka damu, ba wahala. Na zo in ɗiba wa wani baƙo ruwa, na buɗe na ga abin kunya. Wani rabi, wani ko kaza ba zai ƙoshi ba, wani ma ƙaf. Na ce Allah ya kiyaye, mutanen Kafanchan su zo garinmu tulunsu a bushe, su koma su ce Samaru ba ruwa? Muka bar tuwo a wuta, muka yi ta jido. Bayana har yanzu yana ciwo."

Malam Rufus ya buɗe baki. Duk maganganun da suka zo masa babu wadda za a iya faɗa wa dattijuwar da ta bar tuwo a wuta don ta shayar da kai. Ya dubi Irene, ta dubi mangwaro. Babban Rabaran yana goge tabarau da gefen riga ya ce, "Malam, ba ka ji ba ne? An yi muku alheri."

A ƙasarmu baƙon da aka cika wa tulu abu ɗaya ya rage masa. Malam Rufus ya cire hularsa mai ɗigar ruwa, ya rusuna a gaban gunduma gaba ɗaya.

"Mun gode, Mama. Sannu da aiki. Allah ya ƙara... ya ƙara ruwa."

"Amin," in ji Mama Bernice. "In ya ragu ku yi magana."

Filin ya ɗauke da dariya, har alƙalai suna dukan tebur.

Bai jira kwamiti ba. A gindin motar Samson ya goge sandar da gefen wandonsa, inda ya rage a bushe, ya miƙa wa Jacinta. Ya ji zafin abin har cikin ƙashinsa.

"Riƙe. Ki riƙa shafa mata man gyaɗa."

Ta rusuna ta karɓa da hannu biyu. "Sa, amma waƙar ranar nan da ya yi daɗi..."

"Mu da muka ji mun ji."

Jiƙar nan da iskar bayan mota suka haɗa masa mura, muryarsa ta dushe. Ya mayar wa maƙwabta tulunansu, waɗanda nasu ya fashe ya ba su haƙuri da hannu. Saura ɗaya, na Irene, a gefen rumfar girki. Wata yamma ya ɗebi ruwa ya sha, ya ga tulun ya sauko rabi, hannunsa ya kai kan bakin ba da saninsa ba. Muryar ta fito sarai, ita ce ta Kagoro. Ya zauna a ƙasa yana dariya babu sauti, har Irene ta iso daga rijiya da bokiti a ka.

"Lafiya?"

Ya yi mata raɗa da ƙyar. "Ni da na tafi in ƙara wa duniya muryoyi, na dawo ko tawa babu."

Irene ta sauke bokiti. Ta dubi tulun nan rabi, hannunta yana mata ƙaiƙayi, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa wuce tulu haka ba. Sai ta ɗauki bokitin ta juye a randa.

Har gobe in ka shiga gidan Kumai za ka ga wani tulu a gefen rumfa, ruwansa rabi, an rufe shi da faifai. Baƙuwa mai hankali takan miƙe ta ɗauki bokiti don ta taimaka. Kafin ta kai, sai ka ji Irene daga ɗakin girki:

"Kada ki taɓa wannan. Ku na Tsanin Kumai ne a ciki."